Kafin Ku Auna 'Ya'yan Mutane

A shekarar 1954 wata Baturiya mai suna Mary Ainsworth ta zauna a Kampala ta ƙasar Yuganda, inda ta biyo mijinta da ya sami aiki. An ba ta labarin cewa Baganda, idan za su yaye yaro, sukan kai shi wurin dangi ya kwana biyu har ya manta da nono, ita kuwa ta ƙudura sai ta ga yadda wannan rabuwa take taɓa yaro. Da ta shiga ƙauyuka sai ta tarar al'adar ta ja baya, ba kowa ke yi ba. Da wani ne, da ya naɗe takardunsa ya ce aiki ya ɓaci. Ita kuwa sai ta nemi wuri ta zauna. Gidaje 26 ta riƙe, tana leƙa kowanne bayan mako bibbiyu, ta yi kamar awa biyu tana kallon uwa da ɗanta, wasu har tsawon wata tara. Wa jariri yake bi da ido in an fita daga ɗaki? Wurin wa yake rarrafawa in baƙo ya yi sallama? Wa ke iya lallashinsa in ya firgita? Littafinta a kan wannan aiki bai fito ba sai 1967. Daga cikinsa, haɗe da tunanin John Bowlby na Ingila, aka gina abin da jami'o'in duniya ke koyarwa yau game da shaƙuwar jariri da mai renonsa.

Ƙannena masu shirin shiga wannan fanni, ko ta ƙofar likitancin yara kuka biyo, ko ilimin halayyar ɗan Adam, ko sashen ilimi, ko aikin jinya, da ita na fara don ku ga daga inda abin da kuke haddacewa ya fito. A tsakar gidajen manoma aka tsinto shi, da biro da littafin rubutu da tafinta. Babu na'ura ko ɗaya. Jean Piaget ma, wanda kuke zana matakansa huɗu a takardar jarrabawa, aikin gwada yara da tambayoyi aka ba shi a Faris yana saurayi, sai hankalinsa ya tafi kan amsoshin da suka faɗi ba daidai ba, don ya lura yara masu shekaru ɗaya kuskure iri ɗaya suke yi. Daga baya 'ya'yan cikinsa uku ya zauna yana kallo shekara da shekaru.

To ku dubi yadda ake yin kundin kammala karatu a yawancin sassanmu. Ɗalibi ya kwafo takardar tambayoyi daga intanet, ya buga ɗari biyu, ya raba wa malaman firamare su cike, ya kai wa mai kwamfuta ya fitar masa da jadawali, ya sa wa abin suna nazarin bunƙasar tunanin yara. Daga farkon aikin har ƙarshensa bai durƙusa gaban yaro ko ɗaya ba. Ra'ayin manya a kan yara ya tattaro, shi ma ɗin in ba a ɗakin kwanan ɗalibai aka cike rabin takardun ba. Kada ku yi wannan, ko da kun ga ana cin maki da shi. Yara goma da kuka kalla da kyau, kuka rubuta abin da suka yi ba abin da kuke zaton suna nufi ba, za su koya muku abin da takardu dubu ba za su koya muku ba. Kuma rubuta abin da ido ya gani ya fi wuya fiye da yadda kuke tsammani. Mai koyo yakan rubuta cewa yaro ya ji haushi. Wanda ya goge yakan rubuta cewa ya jefar da ƙwallon, ya juya wa uwarsa baya, ya yi shiru na rabin minti, sannan ya waiwayo ya dube ta. Na biyun ne wani zai iya dubawa ya yarda da shi ko ya musa masa.

Sannan ku shigo da sanin cewa fannin nan ba ya biyan mai gaggawa. A Kingston ta Jamaika, a 1986 da 1987, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 da suka tsumbure saboda ƙarancin abinci, 'yan wata 9 zuwa wata 24, suka kasa su huɗu. Wasu aka riƙa ba su madara ta ƙarin abinci. Wasu aka riƙa tura musu ma'aikaciyar lafiya ta unguwa sau ɗaya a mako, ta yi awa guda tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa hira, ta ambata masa sunayen abubuwa, ta yaba masa in ya yi daidai, da kayan wasan da aka haɗa daga robobi da tsummokara. Wasu aka haɗa musu duka biyun, sauran kuwa kulawar asibiti kawai suka samu. Bayan shekara biyu an ga amfanin madara, an ga amfanin wasa. Da tafiya ta yi nisa sai tasirin madarar ya dushe, na wasan ya zauna. A 2014 aka wallafa abin da aka tarar da aka sake nemo su suna 'yan shekara 22: waɗanda aka yi wa ziyarar wasa suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu da kashi 25 cikin ɗari. Ku lissafa shekarun da ke tsakanin ziyarar farko da wannan sakamako. Wanda ya shigo don ya yi suna kafin ya kai talatin, gara ya nemi wani fannin.

Labarin Romaniya ya fi ɗaci. A 1966 gwamnatin Ceausescu ta hana zubar da ciki, ta matsa wa mutane su yi ta haihuwa alhali ba su da abin ciyarwa, aka yi ta miƙa wa hukuma jarirai. Da gwamnatin ta faɗi a ƙarshen 1989 aka buɗe gidajen marayu, aka tarar da yara fiye da dubu ɗari. Ana ba su abinci a kan lokaci, ana canza musu tsumma a kan lokaci, amma ma'aikaciya ɗaya ce a kan jarirai masu yawa, babu mai ɗauka, babu mai yi musu magana. Masu ziyara sun yi ta ba da labarin ɗakuna cike da jarirai amma tsit, don sun koyi cewa kuka ba ya kawo kowa. A shekarar 2000 Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah suka fara bin yara 136 a Bukarest. Ta hanyar ƙuri'a aka mayar da rabinsu hannun iyayen riƙo da aka horar, rabi suka ci gaba da zama inda suke. An yi ta muhawara a kan halaccin wannan ƙuri'a, kuma ya kamata ku karanta hujjojin ɓangarorin biyu. Da yaran suka kai shekara huɗu da rabi, matsakaicin makin gwajin basira na waɗanda aka bari ya tsaya wajen 73, na waɗanda aka kai riƙo 81, na yaran gari da ba su taɓa zaman gidan marayu ba 109. Waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu su suka fi farfaɗowa, har a awon wutar ƙwaƙwalwarsu an ga haka. A nan za ku gane dalilin da ya sa ba a raba nazarin tunani da nazarin zuciya a wannan fanni. Yaron da bai sami mai amsa masa ba, hankalinsa da harshensa da natsuwarsa tare suke raunana.

Amma ga inda nake so ku buɗe ido sosai. A 2010 Joseph Henrich da abokansa biyu suka ja hankalin masana a kan cewa kashi 96 cikin ɗari na mutanen da ake gwaji a kansu a manyan mujallun ilimin halayya daga ƙasashen Yamma masu arzikin masana'antu suka fito, ƙasashen da ba su wuce kashi 12 cikin ɗari na mutanen duniya ba. Ke nan idan littafinku ya ce yaro yana yin kaza a shekara kaza, ku tambaya: ɗan wa?

Kun san gwajin alewar nan na Walter Mischel na Jami'ar Stanford, inda ake ajiye wa yaro guda ɗaya a ce in ya daure bai ci ba har a dawo za a ƙara masa ta biyu. An daɗe ana cewa mai daurewa shi ne mai nasara a rayuwa, har sai da aka maimaita shi da yara fiye da 900 aka wallafa a 2018, aka ga in an yi la'akari da halin gidan da yaro ya fito yawancin bambancin yakan zube. Bettina Lamm da abokan aikinta kuma suka kai gwajin wurin 'ya'yan manoman Nso a arewa maso yammacin Kamaru, suka ajiye musu fanke, suka kwatanta su da 'yan shekara huɗu na Jamus. Kusan kashi 70 cikin ɗari na yaran Nso sun jira minti goman da aka sa musu, a zaune shiru, wasu har barci ya kwashe su. Na Jamus kashi 28 ne suka iya, su ma da ƙyar, ana ta mutsu-mutsu da waƙe-waƙe. Duk wanda ya tashi a gidan da ba a sa hannu a kwano sai babba ya sa ba zai yi mamaki ba. Sai dai kada ku yi saurin tafi. Abin tambaya shi ne ko abu ɗaya gwajin ya auna a wuraren biyu: kamun kai ne, ko biyayya ga babban da ya ce a jira? Irin wannan tambayar ce aikinku.

Mu ma an taɓa zuwa an kalle mu. A 1977 Robert Marvin da Robert LeVine da Sarah LeVine da abokan aikinsu suka wallafa nazarin jarirai 18 na Hausawa. Sun tarar kowane jariri ya shaƙu da fiye da mutum ɗaya a gidan, galibi uku ko huɗu, ba uwa kaɗai ba, kuma wanda ya fi ɗaukarsa shi ya fi nema in ya tsorata. Wannan ba labari ba ne wurin wanda ya ga goyo yana yawo daga bayan uwa zuwa na kishiyarta zuwa na yayarsa 'yar shekara bakwai. To ku ɗauko irin ma'aunin da aka tsara a ƙasashen Turawa, wanda yake ba uwa maki gwargwadon yadda take kallon ɗanta ido cikin ido tana yi masa wasa, ku shiga da shi ɗakin mai haihuwar fari, surukarta na zaune. Ba za ta kira sunansa ba, ba za ta yi masa wasa a gabanku ba, ƙila ma ta kau da kai kamar ba nata ba. Takardarku za ta ce wannan uwa ba ta damu da ɗanta ba. Ku kuwa kun san kunya ce, kun san da dare a jikinta yake kwana, kuma da ya motsa an ba shi nono. Baƙo yana da uzuri in ya rubuta wannan kuskure. Ku ba ku da shi.

Haka zancen giɓin kalmomi miliyan 30 da aka ce yana tsakanin 'ya'yan masu hali da na talakawa kafin su shiga makaranta. Daga gidaje 42 kacal na Kansas Betty Hart da Todd Risley suka fitar da shi a 1995. Da wasu suka sake lissafi suka haɗa da maganar duk mutanen gida da wadda yaro ke tsinta a gefe, sai giɓin ya tsuke ƙwarai, ko da yake har yanzu wasu masana na nan a kan cewa maganar da aka fuskanci yaro da ita ta fi tasiri. Gidan gandu mai mutum ashirin, ga tatsuniya, ga wasan kaka da jika, ga masu talla suna shiga suna fita, wuri ne da ya dace a warware wannan gardama.

Fassara gwaji zuwa Hausa ba ta isa ta mayar da shi namu ba. Yaron da bai taɓa riƙe fensir ko ganin hoton jirgin ƙasa ba zai faɗi, alhali shi ne yake ƙirga awakin gidansu da yamma ya gane wacce ba ta dawo ba. 'Yan uwanmu na gabashi da kudancin Afirka sun riga mu a nan. A Kilifi ta Kenya, Amina Abubakar da Penny Holding da abokan aikinsu sun tsara ma'aunin bunƙasar yara da kayan da yaran wurin suka sani, a Malawi ma Melissa Gladstone ta jagoranci irin wannan aka wallafa a 2010. Ku karanta yadda suka yi, ku ari hanyar, kada ku ari sakamakon.

Kada kuma jin wannan ya sa ku koma masu kare duk abin da muka gada. Akwai masu karatun da, da zarar sun gano kuskuren Bature, sai su ɗauka komai namu daidai ne. Ma'aunin da ya wanke mai kunyar ɗan fari shi ne zai iya kama mu a wani wurin. Victoria Talwar da Kang Lee sun gwada 'yan shekara uku da huɗu a makarantu biyu na wata ƙasa a Afirka ta Yamma, ɗaya ana duka, ɗaya ba a yi. Aka hana su leƙa abin wasa, aka fita, yawancinsu suka leƙa. Da aka tambaye su, kusan duk na makarantar bulala suka yi ƙarya, kuma suka fi iya tsare ƙaryar in an bi su da tambaya. Na ɗayar makarantar rabi da 'yan kai ne suka yi. A 2011 aka wallafa wannan. In bincikenku ya fito da irinsa, ku faɗa, ko da ba zai yi wa kawunanku daɗi ba.

Masu cin ƙwaƙwalwar yaranmu da yawa ma ba a tarbiyya suke ba, a jini suke da tukunya da ƙasar tsakar gida. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a arewa maso yamma kuwa kashi 57. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake daka a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, kuma dalma ba ta barin ƙwaƙwalwar wanda ya tsira yadda ta same ta. Waɗanda suka tsira yanzu samari ne da 'yan mata. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, wani nazari a Yuganda ya tarar kusan ɗaya cikin huɗu na yaran da suka tashi daga shi suna da raunin tunani bayan shekara biyu. Ga shawarar jarirai da ake jinkirin kaiwa asibiti, ga sanƙarau. Saboda haka ɗalibin halayya da ya ƙi koyon ilimin jiki zai yi ta neman laifin uwa ko na malami a inda cuta ce. Mai cewa ba a iya babban bincike a nan kuwa, ya dubi abin da likitocin Asibitin Malam Aminu Kano da takwarorinsu na Kaduna da na Jami'ar Vanderbilt suka yi a kan masu sikila. Suna auna gudun jini a jijiyoyin kan yaro don gano wanda shanyewar ɓarin jiki ke barazana gare shi, suka kuma nuna cewa maganin hydroxyurea, ko da ɗan kaɗan ne, yana ba da kariya a inda ƙarin jini duk wata ba zai yiwu ba.

Duk wannan a kan 'ya'yan mutane za ku yi shi, kuma Kano ba ta manta 1996 ba. A tsakiyar annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a gwajin da ya ƙunshi yara wajen 200, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata. Kamfanin bai amsa laifi ba, aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75. Zargin da wannan ya bari yana cikin abin da ya ƙarfafa ƙin rigakafin shan inna a 2003. In kun shiga gari aka yi muku kallon tuhuma, ba jahilci ba ne, tuna baya ne. Ku bi ta wurin mai unguwa, ku sami mai gida, amma ku sani izininsu bai maye gurbin na uwar yaron ba. Ku gaya mata da Hausar da take ji abin da za ku yi da abin da ba za ta samu ba, kuma ku gaya mata tana iya cewa a'a ba tare da an hana ɗanta magani ba. In yaron da kansa ya ƙi, ya maƙale a zanen uwarsa yana ƙiwa, a bari sai wata rana. Ku kuma 'yan mata, gidan da aka rubuta ba shiga a ƙofarsa a buɗe yake gare ku, kuma a can rayuwar jariri take gaba ɗaya. Farfesa namiji, komai yawan digirinsa, a zaure zai tsaya.

Da yawanku za ku ƙare a gaban allo, a jami'a ko kwalejin ilimi ko makarantar koyon jinya. Abin da kuka faɗa a aji shi malamar firamare da ungozoma za su ɗauka su kai gidaje dubbai, don haka ku tace. Ba gaskiya ba ne cewa kashi goma na ƙwaƙwalwa kawai muke amfani da shi, ko cewa akwai yaro mai ƙwaƙwalwar dama da mai ta hagu. Zancen cewa kiɗan Mozart yana ƙara wa jariri basira daga gwajin 1993 ya samo asali, wanda aka yi da ɗaliban jami'a 36, ba jarirai ba, tasirin kuma bai wuce kwata na awa ba. Duk da haka a 1998 gwamnan jihar Jojiya ta Amurka ya nemi a ware kuɗi a raba wa kowane jariri faifan kiɗa. Mu namu ya zo ta waya, ana jingina wa ɗan wata takwas bidiyo wai ya koyi Turanci. Ku ba ɗalibanku labarin gwajin Patricia Kuhl na 2003: 'yan wata tara na Amurka da mutum ya zauna da su sau 12 yana yi musu Sinanci sun koyi bambance sautukan harshen, waɗanda aka kunna wa irin wannan magana a talabijin ba su koyi komai ba. Kuma in kuna koyar da muhimmancin kwana dubu na farko a rayuwar yaro, kada ku kai shi inda uwa za ta ji cewa ɗanta mai shekara huɗu ya riga ya lalace. Yaran Bukarest da aka fitar a makare su ma sun ƙaru, ba su dai kai na farko ba.

Ku koyi ƙididdiga da hannunku, kada ku bar wa mai shagon kwamfuta. Ku kuma koyi tantance shekarun yaro, don a gwajin jarirai wata ɗaya yana iya mayar da lafiyayye ya zama mai jinkiri, alhali yara da yawa ba su da takardar haihuwa. Katin rigakafi za ku fara nema. In babu, ku zauna da dattijan garin ku tsara kalandar abubuwan da kowa ya sani, sannan ku tambayi uwa: kafin azumi ne ko bayan ƙaramar salla, an yi shuka ko ana girbin gero, da ɗan wa aka yi suna mako ɗaya? A rajistarku kada ku dogara da lambar waya, layi yakan mutu cikin shekara. Ku rubuta sunan yaro na yanka da wanda ake kiransa da shi a gida, don ɗan fari da mai sunan kaka sau da yawa ba a san su da na yanka ba. Ku haɗa da sunan uba da na kaka, da unguwa, da garin su uwar, saboda in aure ya mutu ko an ba da yaron riƙo can za a fara tambaya. Ku yi kwafi biyu, ɗaya a takarda ɗaya a kwamfuta, ku kulle inda ba mai gani sai wanda aikin ya shafa, ku kuma tsara shi yadda wanda zai gaje ku zai iya karantawa ko ba kwa nan.